Tsoron ɗanye ne ya sa na ɓata kifin salmon har sau uku

Ranar da na fara gasa kifin salmon, maigida ya ci loma biyu, ya kurɓi ruwa, ya ce, "Sannu da aiki." Wanda ya san halinsa ya san wannan ba yabo ba ne. In girki ya yi masa daɗi ba ya cewa uffan, faranti kawai yake miƙowa a ƙara masa. Ni ma da na kai baki sai na ji kamar ina tauna auduga mai gishiri. Saman kifin duk wani farin abu ya feso ya daskare kamar dafaffen ƙwai, gefe-gefen kuma ya ƙandare. Minti 40 cur na ba shi a obin, don a lissafina na lokacin gara ya zarce da a ce da sauran ɗanye a ciki.

Ba marmari ne ya kai ni ga kifin ba. Likita ne ya ce wa maigida ya rage soye-soye da jan nama, ya riƙa cin kifi mai maiƙo. Da na bincika sai na ga shawarar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka tana cewa a ci kifi sau 2 a mako, hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ita ma haka, kowane ci kimanin giram 140, kuma ɗaya daga ciki ya zama mai maiƙo. Salmon yana sahun gaba a nan saboda kitsen omega-3 da ke jikinsa, ga furotin kusan giram 20 a kowane giram 100, ga bitamin D da B12. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne yana cikin kifayen da sinadarin makuri mai guba bai yi yawa a jikinsu ba, don haka yara ma za su iya ci. Na ce to, ai ga abincin dare mai sauƙi. Ashe sauƙin nasa sai wanda ya san kansa.

Karo na biyu na rage zuwa minti 30, bai sake zane ba. Karo na uku na naɗe shi a foyil na zuba masa ruwan lemun tsami tun da la'asar, wai don ya jiƙu. Ya fito a bushe ta ciki, a dagargaje ta waje. Daren nan na kira yayata, wadda ta daɗe tana girka shi. Na ce, "Yaya, kifin nan ya ƙi ni." Ta ce, "Minti nawa kike ba shi?" Na faɗa mata. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ke kam! Kifi kike gasawa ko tubali? Gobe ki ba shi 12 ki fitar, ko zuciyarki ba ta yarda ba." Kuma gaskiya zuciyata ba ta yarda ba.

Kafin in zo kan wuta, bari in koma wurin saye, don a can ma na tafka kurakurai. Da ina zaɓen wanda ya fi ja ne, ina ganin shi ne sabo. Launi ba ya nuna sabunta. Jan nan daga abincin kifin yake zuwa, wani sinadari da ake kira astazantin. Na teku yana samunsa daga ƙananan jatan lande da yake ci, na kiwo kuma a cikin abincinsa ake sa masa. Iri ma yana da tasiri. Wanda aka rubuta masa salmon na Atilantika kusan dukansa na kiwo ne, a cikin keji a teku, kuma Norwe ce kan gaba wajen kiwonsa, Cile na biye da ita, akwai kuma Sikotland. Shi ne mai kitse, za ka ga fararen layuka a tsokarsa, kuma shi ya fi yafe wa sabon shiga, don ko an ɗan zarce maiƙonsa yana rufa asiri. Na tekun Fasifik iri biyar aka fi sani a Arewacin Amurka, kuma in ka ga an ce daga jihar Alaska ta Amurka yake, to kama shi aka yi, don jihar ta haramta kiwon kifi a keji tun 1990. Daga cikin iri biyar ɗin, wanda ake kira sokayi shi ne ja jawur, tsokarsa ba kauri, kitsensa kaɗan, yana dahuwa kafin ka juya. Na taɓa saye na ba shi lokacin da nake bai wa na kiwo, na sha mamaki.

Yanzu hanci da yatsa nake sa gaba. Sabon salmon ba ya ƙarni mai hawa kai, ƙamshin ruwa kawai za ka ji sama-sama. In ya bugi hancinka tun daga nesa, ko ka ji tsami, ko wani abu mai kama da warin fitsari, ka bar wa mai shi kayansa. In an danna tsokar ta taso ta koma yadda take, ba ta bar rami ba. Ina kuma duba ko tsokar ta fara tsattsagewa tana rabuwa, ko gefen ya yi duhu ya bushe, ko ruwa ya taru a ƙasan ledar. Sannan ina neman yankan tsakiya, kada a ba ni wajen wutsiya, kuma kaurin yankan ya zama ɗaya. Wannan maganar kauri ita ce rabin aikin, don siriri da kakkaura ba sa dahuwa tare. Fatar kuma a bar mini ita, ko da ba za a ci ba, ita ce garkuwa tsakanin tsoka da zafin tire.

Na daɗe ina raina mai ƙanƙara, ina ganin na malalata ne. Na janye wannan magana. Kifin da aka daskarar jim kaɗan bayan kama shi sau da yawa ya fi wanda ya yi kwanaki yana jiran mai saye, kuma wani "sabon" da ake shimfiɗawa a gabanka ma narkar da shi aka yi. Mai ƙanƙara yana jirana, sabo kuwa ni ke gudu a kansa, don kwana 1 zuwa 2 ne iyakarsa a firji. Abin lura kawai shi ne narkarwa. In na tuna, da dare nake fitar da shi daga firiza in sa a firji ya kwana. In na manta, wanda shi ya fi yawa, sai in ƙulle shi a leda in tsoma a ruwan sanyi, ina canza ruwan duk rabin awa, cikin awa guda ya saki. Ba ruwan zafi, ba a bar shi a kan kanta tun safe. Kuma in a ledar da aka zuƙe wa iska ya zo, a farke ta kafin a sa shi ya narke, saboda ƙwayar cutar da ke haddasa gubar botulizim inda babu iska take jin daɗin yaɗuwa, har a cikin sanyi. Wannan kam ban sani ba sai da na karanta gargaɗin a bayan ledar, bayan na yi watanni ina saɓa shi.

Shirin kansa bai kai minti 5 na aiki ba. Ba na wanke shi a famfo, ruwan fantsama kawai yake yi ya raba ƙwayoyin cuta ga kwanuka. Takardar goge hannu nake sa in tsane shi sosai gaba da baya, don jiƙaƙƙen kifi turara yake yi a obin maimakon ya gasu. Sai in shafa yatsa a tsakiyar tsokar daga wajen kai zuwa wutsiya. Akwai siraran ƙayoyi a jere da wuƙar mai yanka kan bari. Da matsefata mai tsabta nake zare su, ina ja ta inda suka karkata don kada tsokar ta yage. Na fara yin haka ne tun ranar da autana ya zaro ɗaya daga bakinsa ya ɗaga mini ita kamar mai gabatar da shaida a kotu.

Gishiri shi ne abin da ya fi canza mini kifin. Ko in barbaɗa in bar shi minti 15 in sake tsanewa, ko in jiƙa shi minti 10 a ruwan gishiri, babban cokali 1 a kofi 1 na ruwa. Yana shiga ciki, kuma yana rage farin abin nan da ya ba ni kunya a ranar farko. Albumin sunansa, furotin ne da ke cikin tsokar a narke. Idan zafi ya matse tsokar sai ya tatso shi waje ya daskare. Ba ya cutarwa, amma in ya yi yawa to kifin ne ke gaya maka an takura masa. Lemun tsami kuwa, wanda na jiƙa shi da shi awanni a karo na uku, tsaminsa yana dafa tsokar tun kafin ta ga wuta. Yanzu sai an fitar nake matsawa. Abin da nake shafawa kafin gashi bai wuce man zaitun, dakakkiyar tafarnuwa da masoro ba, wani lokaci da ɗigon zuma. Na gwada tara masa kayan ƙamshi bakwai takwas, na ga ɓata lokaci ne, kifin yana da ɗanɗanonsa.

Washegarin hirarmu da Yaya na kunna obin ya ɗau zafi har digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, na shimfiɗa takardar gashi a tire, na jera yanka huɗu fata a ƙasa. Da minti 12 ta cika na buɗe. Na sa cokali mai yatsu na ɗan buɗa inda ya fi kauri. Gefe ya yi haske yana rabuwa sala-sala, amma can tsakiya da sauran duhu-duhu yana sheƙi. Hannuna har ya kai ga mayar da tiren. Na daure na ajiye shi a kan kanta, na rufa masa foyil sako-sako, na juya baya na hau yanka lemo don kada in gani. Bayan minti 5 na duba, tsakiyar nan ta dahu da kanta. Zafin da ke jikin kifin bai tsaya don an fitar da shi ba, ci gaba yake da ratsawa ciki. Duk gashina na baya, ina fitar da kifin ne bayan ya gama dahuwa, sannan ya ƙara wata dahuwar a faranti.

Daga baya na gane cewa 12 ɗin ma ba doka ba ce. Ta dace ne da yankan da kaurinsa ya kai santimita 2 da rabi. Siriri minti 8 zuwa 10 ya ishe shi, babban gefe guda kuwa yana iya kai 15 zuwa 20. Obin ma kowanne da halinsa, nawa ya fi zafi ta baya, sai na riƙa tura masu kaurin can. Abin da ya raba gardama shi ne ƙaramin ma'aunin zafi na girki, wanda ake sokawa a tsoka. Hukumomin abinci na Amurka sun ce kifi ya kai digiri 63 a tsakiyarsa. Ƙwararrun masu girki da yawa suna fitar da salmon tun yana wajen 52, don sun fi son shi da laushi kamar bota. Ni na tsaya tsakani: ina fitarwa a wajen 57 ko 58, ya ƙarasa hawa yana hutawa. Amma in akwai mai juna biyu a teburin, ko ƙaramin yaro, ko tsoho, ko marar lafiya, sai na ga 63 da idona. A nan ba na ciniki.

In ina da lokaci akwai wata hanya da na fi so, gashi a ƙaramar wuta, digiri 135 na minti 20 zuwa 25. Ba ya yin launi mai jan ido, har za ka ɗauka bai dahu ba, amma albumin kusan ba ya fitowa, kuma ko waya ta ɗauke maka hankali minti 3 ba a yi asara ba. Fatar dai takan fito a saɓule, ba mai sha'awarta. A ranakun aiki kuwa tire ɗaya nake yi. In yanka dankali ƙanana in juya su a mai da gishiri, su riga shiga da minti 20 zuwa 25, sannan in matsar da su gefe in jera kifin da koren wake. Komai ya fito tare, abin wankewa tire ɗaya da wuƙa.

Ragowa tana kwana 3 a firji lafiya lau. Kuskurena na ƙarshe shi ne ɗumama ta da ƙarfi, gidan ya cika da ƙarni, kifin ya koma audugar nan ta ranar farko. Yanzu da sanyinsa nake marmasa shi a kan ganye ko cikin burodi.

Abu ɗaya ne har yau ban ci nasara a kai ba. Maigida ya saba da kifin, yana ma tambayarsa in mako ya wuce ba a yi ba, amma in ya ga tsakiya tana sheƙi sai ya tsaya yana jujjuya cokali. Na yi bayani, na nuna masa ma'auni, ya ce, "Na yarda da ke, idona ne bai yarda ba." Don haka nasa yankan yana riga namu shiga obin da minti 4, kuma in an haɗo mini da wajen wutsiya shi nake ba.