Bututu biyu a tsakar gida

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, bayan hawan jini ya kayar da shi ɓarinsa na hagu ya shanye, ba abin da na ƙwallafa rai a kai sai na'ura. A ɗakin gashi na asibitin, inda ake motsa gaɓoɓin marasa lafiya, na ga ana manna masa wasu 'yan faifai a ƙwauri, a saki wuta kaɗan, sai ƙafar da ba ta ko motsi ta ɗago da kanta. Na ce ai ga magani nan. Ban shawarci kowa ba na je kasuwa na sayo ƙarama mai batir.

Ashe ba iri ɗaya ba ce. Tawa TENS ce, aikinta rage raɗaɗi kawai, ta asibitin kuwa tsokar take sa wa ta motsa. Likitar gashin ta jujjuya ta a hannu, ta ce, "Malam, ajiye ta, ta yi wa Hajiya amfani in bayanta ya tashi."

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Wadda har yau take cina a rai ita ce ta daren hunturu. Ƙafar ta yi sanyi ƙalau, na cika gorar roba da ruwan zafi na jingina masa.

"Baba, akwai zafi?"

"Ba na jin komai."

Na ɗauka lafiya ke nan. Da asuba fata ta yi bororo kamar tafin hannun yaro. Wanda jijiyarsa ba ta kai saƙo, ina zai san yana ƙonewa? Mako uku muna jinyar ƙuna maimakon koyon tafiya, alhali watannin farko, uku zuwa shida, su ne jiki ya fi saurin farfaɗowa. Igiyar da na rataya a darbejiya don ya riƙa jan hannun sama ma cewa likitar ta yi in kwance ta, domin kafaɗar da ta shanye sako-sako take, ja na iya gocar da ita.

Abin da ya yi mana aiki, mai waldan unguwarmu ne ya haɗa shi: bututun ƙarfe biyu a jere, tsawon mita 3, tsayinsu daidai ƙugun Baba, muka kafa a tsakar gida. Sai wani takalmin roba da aka auna masa, mai bin bayan ƙwauri zuwa tafin ƙafa, don kada yatsu su riƙa jan ƙasa. Kullum bayan asuba da bayan la'asar, je ka dawo. Ranar farko taku huɗu ya yi, gumi sharkaf, yana mita wai mun mai da shi jariri.

A wata na biyar ya koma sanda mai ƙafa huɗu, a hannun dama, wato ɓarin lafiya. Dokin ƙofar zaure ne ya rage. Na tuna masa: mai lafiya ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. Na miƙa hannu zan tallafe shi, ya buge hannun.

"Kai, matsa. Je ka ɗauko mini buzuna, an kusa tada salla."