Kafin ka sayi lagireton alminiyam, ka fara sanin inda zafin yake fitowa

Kuskuren da na fi yi a baya, kuma nake ganin samari masu gyaran mota don gudu suna maimaitawa, shi ne sayen lagireto mai kauri da zarar allurar zafi ta fara hawa. Ka fara lura da lokacin da motar take zafi. In a cunkoso ne ko a tsaye, amma da ka hau titi ta huce, matsalar fanka ce ko gidan fanka, wato marufin da ke kewaye da ita a jikin lagireto. In kuma sai kana gudu take zafi, to ko lagireton ya yi kaɗan ko ya toshe, ko iskar tana bi ta gefensa maimakon ta ratsa shi. Da mota ta wuce kilomita 60 a awa, iskar da ke shigowa ta gaba ta fi ƙarfin kowace fanka, don haka ƙarin fanka ba ya maganin zafin gudu.

Ɗauki BMW E36 mai silinda shida, wadda ’yan wasan mota suke so. Lagiretonta na asali yana da wuyan roba da ke tsagewa idan ya tsufa, saboda haka canza shi da na alminiyam kamar Koyorad ko Mishimoto ba laifi ba ne. Amma kauri ba shi ne inganci ba. Layi biyu na bututu mai faɗin inci ɗaya ya fi layi huɗu na siraran bututu, domin iska tana wahalar ratsa lagireto mai kauri, balle in akwai kwandensan AC da intakula (mai sanyaya iskar turbo) a gabansa. In motarka otomatik ce, ka duba ko tsohon lagireton yana sanyaya man giya. Da yawa daga cikin na alminiyam ba su da wannan hanyar, sai ka ɗaura wa giyar nata abin sanyaya mai daban.

Wajen ɗaurawa, kada ƙarfen lagireton ya taɓa jikin mota. Ka zaunar da shi a kan robobinsa, sama da ƙasa. Na sha ɗaure shi tam da noti, jijjiga ta tsaga waldar a ’yan watanni. Tsakanin lagireto da kwandensa kuma ka cusa soso a gefe da gefe, don iska malalaciya ce, duk inda ta ga kafa nan za ta bi.

Fanka ce wurin da aka fi yin asara. Wadda take bayan lagireto tana zuƙo iska ta fi wadda take gaba tana turawa, don ta gaban tana tare hanya. Fanka mai inci 16 irin ta SPAL ta isa, in dai tana cikin gidanta da ya rufe duk faɗin lagireton. Babu gida, da’irar da ke gabanta kawai take sanyayawa. Kada ka ɗaure ta da robobin nan da ake sokawa ta cikin lagireto, suna cin bututun har ya huje. Bayan ka jona, ka ɗora takarda a gaban lagireton: in ta manne, daidai, in ta faɗi, mai rewaya ya juya wayoyin. Irin wannan fanka tana jan amfiya 15 zuwa 25, ta fi haka a lokacin tashi, saboda haka tana bukatar rile (makunnin da wuta ke kunnawa) mai amfiya 40, fis mai 30 ko 40 kusa da batir, da waya mai girman 4 zuwa 6 mm². Siririyar waya tana zafi, fankar ta yi ta juyawa a hankali kana zaton aiki take yi. Kuma kada ka dogara da makunni a hannu, wata rana za ka manta. Ka bar na’urar auna zafi ta kunna ta.

Kada ka yarda bakanike ya cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci kansa, kuma ainihin matsalar tana nan. Gara ka duba famfon ruwa, don na tsofaffin E36 fukafukansa na roba ne, suna karyewa.

Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a cikin bututu. Ka haɗa kulan (ruwan sanyaya inji na kanti) da tataccen ruwa irin wanda ake ƙarawa a batir, ba mai asid ba, rabi da rabi, kuma murfi ya zama mai matsin da kamfanin mota ya rubuta. Sannan ka fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwan: ka ɗaga gaban motar, ka buɗe hita gaba ɗaya, ka sassauta notin fitar da iska, ka yi ta zubawa har kumfa ya daina fita. Washegari da safe, inji a sanyi, ka sake dubawa ka cika.