Idan yarinya ta ce loma biyu ta ƙosar da ita

Aikin jinya a ɗakin matasa ya koya mini cewa cutar ƙin cin abinci, wadda likitoci ke kira anoreksiya, ba kasafai take shigowa asibiti da sunanta ba. Da ciwon ciki take zuwa. Uwa ta ce olsa ce, an sha magani ba sauƙi, an yi gwajin taifot har an gaji. Sai an keɓe da yarinyar sannan zancen tsoron ƙiba, da shayin rage teɓa, da maganin wankin ciki yake fitowa.

Abin da iyaye suka fi ƙaryatawa shi ne ƙoshin. Alhali gaskiya take faɗa. Tumbin da ya daɗe da yunwa yakan yi sanyin aiki, abinci ya jima bai wuce ba, ga kumburi, ga taurin bayan gida. Akwai ma wanda ya fi wannan. Wani ɗan kitse ne yake raba babbar jijiyar jini ta ciki da reshenta mai kai jini hanji, farkon ƙaramin hanji kuma ta tsakaninsu ya bi. In rama ta cinye kitsen nan, sai jijiyoyin su matse hanjin, kowane cin abinci ya ƙare da koren amai. A gida kuwa shagwaɓa ake kiransa.

Masu cika ciki lokaci guda su kuma jawo amai da yatsa, wato bulimiya da Gerald Russell ya bayyana a Ingila a 1979, nasu haɗarin daban ne: ƙasan maƙoshi ya tsage a yi aman jini, ko tumbi ya buɗe ya kasa komawa, wani lokaci har ya fashe. Shi ya sa nake duba bayan yatsu, inda haƙori ke barin kanta.

Ɗura ita ce ta fi ba ni tsoro. Jikin da ya rame in aka auka masa abinci, sinadaran fosfet da fotasiyam sukan faɗi a jini, zuciya ta rikice. Don haka da kaɗan ake farawa, ana gwajin jini a kai a kai, likitan ƙwaƙwalwa ma yana ciki tun farko. Mafi wuya shi ne in tare uwa da ta shigo da kula cike da tuwo, in ce mata, "Hajiya, yau dai abin da likita ya auna kawai za ta ci."