Manja tun Afrilu, kaji tun Oktoba: yadda muke Kirsimeti ba bashi a gidanmu

A gidanmu shirin Kirsimeti a watan Afrilu yake farawa, da jarkar manja. Lokacin ne kwakwar manja take yawa a kudu, masu sauke shi a Jos su ma sukan sassauta farashi. Ni da maƙwabciyata sai mu haɗa kuɗi mu sayi jarka mai lita 25, mu raba biyu, kowa ta toshe bakin nata da kyau ta tura ƙarƙashin gado inda rana ba ta kaiwa. Kafin Disamba farashin ya yi sama, mu kuwa namu yana nan.

Ni malamar firamare ce, maigidana direba ne, yana jigila tsakanin Jos da Mangu. Muna da yara huɗu, ga surukata a ƙauye da ke sa ido ta ga buhu ya iso kafin ranar 25. Da can mukan jira albashin Disamba mu shiga kasuwar Terminus mu yi ta ciniki cikin turmutsutsu kamar kowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya daina fita. Zuwa ƙarshen 2024 litar mai ta haura naira 1,000, buhun shinkafa mai kilo 50 ya kusa taɓa 100,000, a wasu shagunan ma ya wuce, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a shekarar 70,000 ne. A lokacin albashin wata guda ba ya sayen buhu ɗaya, balle kaza da atamfa. Wanda ya ce zai yi Kirsimeti da kuɗin Disamba kaɗai, to da bashi zai yi ta.

Saboda haka nake bin kowane kaya a lokacin arharsa. Gyaɗa da kaka, in kai a matse mini mai, ƙuli-ƙulin kuma yara su samu na makaranta. Masara maigida yake ɗauko mana a kasuwar Mangu ran Juma'a, tunda hanyarsa ce, babu kuɗin dako. Shinkafa ta gida nake saye, mudu-mudu, duk wata in ƙara kaɗan a cikin durom. Tana da tsakuwa, gaskiya ne, amma ina da 'yan mata biyu da faranti, kuma hira ta fi daɗi idan hannu yana aiki. Kayan yara kuwa tun Satumba nake kai wa tela. Duk wanda ya taɓa zaman dirshan a shagon tela daren 24 ga Disamba, yana kallon yadinsa a ninke ko almakashi bai taɓa shi ba, ba sai na yi masa bayani ba. Takalma da rigunan sanyi a kasuwar Katako nake duba su, cikin gwanjo, kafin masu shirin biki su farga.

Kaji su ne suka fi cin raina. A ƙarshen Oktoba nake ɗauko 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya, irin na gidan gona, domin mako bakwai zuwa takwas suke buƙata su kai girman yanka. Matsalar ita ce daidai lokacin ne sanyin Jos yake kankama, ɗan tsako kuma ba ya jure sanyi ko kaɗan. Makonni biyun farko kusan a ɗakin kajin nake kwana. In hura gawayi a kasko a waje, sai ya daina hayaƙi sannan in shigar da shi, in ɗora a kan bulo don kada su faɗa ciki. Da tsakar dare in tashi da tocila in leƙa. Idan na ga sun cure wuri ɗaya suna hawa kan juna, sanyi suke ji. Idan sun watse sun manne da bango, bakinsu a buɗe, zafi ya yi yawa, sai in ɗaga buhun da na rufe taga da shi. Idan kuwa sun bazu ko'ina suna ta tsattsagar abinci, sai in koma in kwanta. Rigakafin cututtukan kaji, wato na Gumboro da na Lasota, ba na wasa da su. Mu a Filato mun yi sa'a, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana kusa, maganin ba ya wuyar samu, sai dai a riƙo shi cikin ƙanƙara har gida, in ya yi ɗumi ya tashi daga aiki.

Kada wani ya ruɗe ku da cewa akwai wata babbar riba a ciki. Abincin kaji shi yake cinye kusan komai, musamman makonnin ƙarshe da suke ci ba ƙaƙƙautawa. Nakan sayar da fiye da rabi a makon Kirsimeti, abin da na samu ya mayar da kuɗin abinci da magani, sauran kajin su zama namu da na surukata. Ribar ke nan.

Nama kuma watanda muke yi. Malaman makarantarmu muna zuba wani abu duk wata tun farkon shekara, sai maza biyu su je kara a Bukuru su sayo sa. Mahauci Musulmi muke kira ya yanka, haka ma kajin gidana, domin kwanon da zan aika wa maƙwabtana Musulmi su ci hankalinsu kwance, kamar yadda nasu yake iso mana da Sallah. Ana shimfiɗa leda a ƙasa a kasa naman kashi-kashi, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da kayan cikinsa, har ganda. A daren nake soye nawa duka, don wutar lantarki ba abar dogaro ba ce.

To, ga inda zancen yake. Mai tanadi a Disamba mai kuɗi ne a idon unguwa. Ana jin kukan kaji ta katanga, ana jin ƙamshin cincin, an ga yara sun karɓo ɗinki tun Oktoba. Daga ranar 10 ga wata sallama take yawaita a ƙofar gida, kuma kowace sallama da doguwar gaisuwa take farawa.

A Disambar 2022 na kwashi adashe. Kuɗin na makarantar yara ne na Janairu, na ƙulle su a leda cikin akwati. Sai ƙanin maigidana ya zo da yamma, ya zauna a bakin murhu yana taya ni fifita wuta, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya, wata 'yar dama ce ta samu. Takalman yara zan saro in sayar kafin Kirsimeti. Kafin a koma makaranta kuɗinki suna hannunki, har da na goro."

Na ce, "Ƙanina, kuɗin nan fa na makarantar 'ya'yanka ne."

"Haba Yaya, ni zan cuci 'ya'yana?"

Na ƙirga masa 60,000. Janairu ta zo, sai ga wahalar canjin kuɗi, lokacin da sababbin takardun naira suka yi ƙaranci mutane suna kwana a layin banki. Ya samu abin faɗa, kuma gaskiya ne, kowa yana cikin wannan hali. Fabrairu ta wuce, Ista ta wuce, kuɗi suka dawo hannun jama'a, nawa ba su dawo ba. Kajin da na ware don gida da ba a yanka ba na sayar, maigida ya ƙara da abin da ya samu, muka lallaɓa makaranta. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne yaron ya daina zuwa gidanmu. Idan ya hango ni a coci sai ya bi ta ɗaya ƙofar. Da na aika masa saƙo sau ɗaya, sai magana ta koma ƙauye cewa matar wansa ta tasa shi gaba saboda 'yan kuɗi. Ni da na ba da rance, ni na koma mai ba da haƙuri a gaban surukata.

Tun daga nan na lura da wani amfanin manja da kaji wanda ban yi tunaninsa ba da farko. Kuɗin da ya riga ya zama shinkafa a durom ba ya rantuwa. Idan na ce wa mutum ba ni da kuɗi a hannu, ba ƙarya na yi ba, kuma ba sai na sunkuyar da kai ba. Kuɗin makarantar Janairu ma yanzu ba ya kwana a akwatina. Da na kwashi adashe nake kai wa makarantar wani kaso tun kafin hutu, in karɓi rasit. Uwar adashenmu ta san ni, kullum kwasar Nuwamba nake roƙo.

Wannan ba ya nufin na rufe hannu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ni ma an taɓa rufa mini asiri ranar da ɗana ya kwanta asibiti. Idan maganar rashin lafiya ce ko haihuwa, abin da zan iya nake bayarwa, kuma a fili nake cewa kyauta ce, kada a dawo da shi. Ya fi mini sauƙi in ba da 5,000 in manta, da in ba da 30,000 in riƙa kallon mutum a coci ina lissafi a zuci maimakon in saurari wa'azi. Shi ma mai karɓa yana iya gaishe ni gobe ba tare da ya canza hanya ba.

Na biki kuwa daban ne. Bara wata 'yar'uwa daga Zumuntar Mata ta cocinmu ta zo tana neman rancen kuɗin anko da na kitso. Na san mijinta ya yi watanni ba aiki. Na ja ta ɗakin ajiya, na auna mata shinkafa mudu uku, na cika mata kwalba da manja, na ce ran 24 ta turo yaro ya karɓi kaza.

Ta ce, "Maman yara, ankon fa? Kowa zai saka."

Na ce, "Ni ma na bara zan saka. Ki zo mu zauna layi ɗaya."

Ba ta ji daɗi ba a ranar, na gani a fuskarta. Amma mun zauna layi ɗaya ɗin, kuma da aka tashi rawa babu wanda ya tambaye mu shekarar zanenmu. Ni dai a ganina anko sabo duk Kirsimeti, ga na Ista, ga na kowane aure, yana cikin abubuwan da suke jefa matan coci cikin bashi, kuma shugabanninmu mata sun sani, kunya ce take hana a faɗa a taro.

Rance na gaske, wanda nake sa ran ya dawo, yanzu ga mai sana'ar da na ga tana tafiya kawai nake ba shi, kamar mai ƙosan bakin layinmu idan wake ya yanke mata. Shi ma sai maigida yana zaune, in rubuta a littafi da ranar biya, ta ga na rubuta. Wasu suna cewa rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Ni kuwa na ga waɗanda na rubuta nasu su ne har yau muke gaisawa da dariya. Kuma ba na ba da abin da in ya maƙale zai hana tukunyata ɗoruwa.

Ƙanin maigida ya sake shigowa gidanmu da kakar bana, da buhun dankalin turawa daga Bokkos a bayan babur. Ya sauke a tsakar gida, ya gaishe ni, ya tambayi yara, ya ci gwaten da na zuba masa har ya nemi ƙari. Bai ambaci 60,000 ba, ni ma ban ambata ba. Da ya tafi na tambayi maigida ko in rubuta dankalin a matsayin biya ko tsaraba. Ya ce in rubuta rabi-rabi, in kuma cire wa Mama nata kason kafin yara su gama da shi.