Yadda na koyi sa wa shuɗin daimon kuɗi

Ni dai aikina a harkar duwatsu masu daraja shi ne lissafi, maigidana ne mai ido, ni kuma in an kawo kaya na auna na duba takardu na fitar mishi da abin da ya kamata mu taya. Farin daimon ba ya ba ni wahala, akwai jadawalin farashi na Rapaport da 'yan kasuwa ke bi, ka duba nauyi da tsabta da launi ka cire kaso kaza, shi kenan. Toh sai wata mata ta kawo zobe mai shuɗin dutse ɗan ƙarami tana so mu saya, maigida ya ce je ka nemo mana kuɗinsa, a nan na gane wannan jadawalin ba ruwansa da daimon mai launi, babu layinsa a ciki sam.

Farko ma sai da muka tsaya kan shin daimon ɗin ne. Shuɗin daimon na asali sinadarin boron ne ya shige shi tun yana can ƙarƙashin ƙasa, shi ya ba shi launin, kuma shi ya sa wutar lantarki ke ɗan ratsa shi alhali daimon na yau da kullum ba ta bi ta cikinsa. Abin dariyar shi ne irin ƙaramar na'urar gwajin da muke riƙewa a hannu da lantarki take gane moissanite, dutsen nan da ake ƙerawa mai kama da daimon, kaga kenan shuɗi na gaske zai iya fitowa a matsayin jabu a kanta. Don haka ba a yanke hukunci da ita, ɗakin gwaji ake turawa, kuma wanda masu manyan kuɗi suka fi yarda da takardarsa shi ne GIA na Amurka.

Kafin takarda ta dawo na zauna na bi cinikin da aka yi a manyan gidajen gwanjo ina raba kuɗin da nauyi, karat ɗaya dai kashi ɗaya cikin biyar ne na giram. Blue Moon mai karat 12.03, wanda aka haƙo a mahaƙar Cullinan ta Afirka ta Kudu, Sotheby's sun sayar da shi a Janiba a 2015 kan dala miliyan 48.4, wato kusan miliyan 4 duk karat. Oppenheimer Blue karat 14.62 ya tashi miliyan 57.5 a Christie's a 2016. De Beers Blue karat 15.10 shi ma wajen miliyan 57.5 a Hong Kong a 2022. Sai ga Bleu Royal a 2023, ya fi su duka girma, karat 17.61, amma miliyan 43.8 aka saye shi, bai kai miliyan 2.5 duk karat ba, kuma wallahi duk huɗun matakin launi ɗaya aka rubuta musu, Fancy Vivid Blue, wato matakin sama na shuɗi. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne ko a saman ma babu tsayayyen farashi, ranar da attajirai biyu suka nace kan dutse ɗaya kuɗi ya haura, ranar da ɗaya ne kawai ya zo sai ya tsaya. Kuma kuɗin nan da jaridu ke bugawa har da ladan gidan gwanjo a ciki, ba duka ne ke shiga aljihun mai dutse ba.

Launi shi ne kusan komai. GIA suna da matakai tun daga mai haske-haske har zuwa Fancy Intense da Fancy Vivid, kuma in toka-toka ta gauraya da shuɗin sai kuɗi ya zube sosai. Wittelsbach, wani tsohon shuɗin daimon na sarakuna mai karat 35.56, ɗan kasuwar daimon Laurence Graff ya saye shi a Landan a 2008 kan wajen dala miliyan 24, ya sa aka sake yanka shi ya koma 31.06, ya yarda ya rasa fiye da karat 4 don a gyara shi, kuma bayan yankan aka cire toka-tokar daga takardarsa. Wasu sun yi ta surutu wai ya ɓata tarihi, ni kam a matsayin mai lissafi na fahimce shi.

Da takardar matar nan ta dawo, daimon ne na gaske daga ƙasa, amma launin ba nasa ba ne, an haska shi da tururin nukiliya ne ya koma shuɗi. Wannan ba haram ba ne a kasuwa in dai an faɗa, sai dai kuɗinsa da na asali ko kusa ba su haɗu ba. Ta ji ba daɗi, ta ce gado ne, maigida ya ce Hajiya ki yi haƙuri, abin da takarda ta ce shi za mu bi, ya taya daidai da haka ta ce za ta yi shawara.

Yanzu in an kawo shuɗi, layin da na fara dubawa a takarda shi ne na asalin launi, kafin ma na kalli nauyi, saboda ban da wanda aka haska akwai wanda ake ƙerawa a masana'anta da boron ɗin a ciki, ido ba ya raba su. Sannan na shiga shafin GIA na sa lambar takardar na tabbatar bayanan sun yi daidai da dutsen da ke gabana, don takarda ma ana bugo ta bogi. In duk wannan ya wuce sai na nemo cinikin duwatsu masu kusan nauyinsa da matakin launinsa a 'yan shekarun nan, ba na Blue Moon ba, domin farashin karat ɗaya a dutse mai karat 12 daban yake da na dutse mai rabin karat, manya sun fi ƙaranci nesa ba kusa ba.