Abin da kanun labarin Atiku na 2019 ya koya min

Jiya na miƙa makullin durowata da katin aiki, na yi sallama da kowa a ɗakin labarai. Duk wanda muka zauna da shi a wurin ya san akwai maganar da ban taɓa yi a fili ba, to yau zan yi ta, saboda yaran da aka ɗauka kwanan nan suna ta tambayata me ya sa nake tsananta musu a kan kanun labari.

A watan Afrilun 2019 ne, bayan zaɓen 23 ga Fabrairu, Atiku ya riga ya kai ƙara kotun sauraren ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa tun a watan Maris, sai lauyoyin APC suka shigar da amsarsu suka ce ai shi Atikun ma bai cancanci tsayawa takara ba, don an haife shi a Jada a 1946, lokacin Jada tana cikin yankin Arewacin Kamaru da Turawan Ingila ke riƙo, ba ta shigo Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Labarin ya shigo da dare, ni ke kan aiki. Na fassara shi cikin gaggawa daga jaridun Turanci, na sa kai kamar haka: Atiku ba ɗan Najeriya ba ne, in ji APC. Oga ya zo ya tsaya a bayana yana karantawa a kwamfuta, ya ce kan ya yi tsawo ba zai shiga hoton da za a ɗora a Facebook ba, ya miƙo hannu ta kafaɗata ya goge kalmomi ukun ƙarshe. Ina zaune ina kallo. Wallahi zuciyata ta gaya min ba daidai ba ne, amma ban buɗe baki ba, don a lokacin ko wata shida ban yi da samun tabbacin aiki ba.

Wannan nasa ne. Nawa kuskuren yana cikin labarin, kuma shi ya fi ci min rai har yau. Na rubuta cewa kundin tsarin mulki ya ce sai wanda aka haifa a cikin Najeriya ne zai iya zama shugaban ƙasa. Ban buɗe kundin ba, na ga kalmomin Turanci ne kawai na juya su yadda suka zo min. Sashe na 131 cewa ya yi sai ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, kuma sashe na 25 ne ya fayyace ko waye wannan, in ka karanta shi za ka ga ya fi karkata ga jini da tsatso fiye da garin da aka binne cibiyarka. Yaron da aka haifa a Jidda ko Khartoum, muddin uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Wanda kuma aka haifa a tsakiyar Kano amma ba iyaye ba kakanni babu ɗan Najeriya ko ɗaya, haihuwar kaɗai ba ta ba shi. Tsarin Amurka na ɗauko a kaina, inda haihuwa a ƙasar ke ba mutum zama ɗan ƙasa, saboda mun sha fassara rigimar Obama da masu cewa a Kenya aka haife shi har sai da ya fitar da cikakkiyar takardar haihuwarsa ta Hawaii a 2011, sai na ɗauka ko'ina haka abin yake. Shi ya sa da ɓangaren Atiku suka mayar da martani suka ce mahaifinsa asalinsa Wurno ne a Sakkwato, mahaifiyarsa kuma asalinta Dutse, da farko ban ma gane me ya kawo maganar iyaye ba, alhali nan ce zuciyar shari'ar.

Da safe na dawo ofis ina jin daɗi ma, don labarin ya yaɗu fiye da duk abin da na taɓa rubutawa. A bakin get Baba maigadi ya tsayar da ni. Mutumin Gwoza ne, ya zo garin nan a 2014 da Boko Haram suka kama garinsu, da shi da jikoki. Yana zaune a kan bencinsa da 'yar rediyonsa a kan cinya, bai amsa gaisuwata yadda ya saba ba. Ya ce, "Malam, a wurin mai shayi aka karanta min abin da kuka rubuta, aka ce duk wanda aka haifa a wajenmu kafin ƙuri'a ba ɗan ƙasa ba ne. Ni ina yaro mahaifina ya je ya jefa ƙuri'ar nan, Najeriya ya zaɓa. Yanzu an kore mu daga gida, nan ma kuma baƙi ne mu?" Na ce, "Baba, ba haka ake nufi ba, maganar 'yan siyasa ce a kotu." Ya ce, "To ai ba haka kuka rubuta ba, ɗana." Ya ciro katin zaɓensa daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda, ya nuna min, ya mayar.

Ranar na fara sanin cewa ba Jada kaɗai ba ce. Mubi, Ganye, Gwoza, Bama, Dikwa, har tsaunin Mambila, duk a cikin wancan yankin suke. A Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kusan kashi 60 suka zaɓi Najeriya, a ranar 1 ga Yuni suka shigo aka kira wurin Lardin Sardauna. Mutanen da suka zaɓi ƙasar nan da hannunsu, mu da aka haifa muka tarar da kanmu a ciki muka zauna a ɗaki mai sanyi muka soke su da layi ɗaya. Kuma abin ba sabo ba ne, a 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, an tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Da na san wannan tarihin a daren nan da hannuna ya yi nauyi.

Kafin azahar waya ta fara shigowa daga Yola da Mubi, har da mai ba mu talla. Aka sauke labarin. Aka kira taro, oga ya tsaya gaban kowa ya ce yaron dare ne ya ɗora ba tare da an duba ba. Aka ba ni kwiri, wato takardar tuhuma, aka dakatar da ni sati biyu ba albashi, a watan da matata ke dab da haihuwa. Mutum biyu suna ɗakin lokacin da ya goge kalmomin, babu wanda ya ɗaga kai. Na amsa laifin fassarar a rubuce don nawa ne, na kan labarin kuma na rubuta yadda aka yi, takardar ba ta wuce teburinsa ba. A Satumba kotun ta yi watsi da batun zama ɗan ƙasar, ta kuma kori ƙarar Atikun gaba ɗaya, shi ogan ne ya rubuta wannan da kansa, har da sharhi a kan illar yaɗa abin da ba a tabbatar ba.

Sauran abubuwan da zan gaya wa sababbin ba su da yawa. Ka ajiye kwafin abin da ka rubuta kafin edita ya taɓa. In doka ce ka buɗe sashen da idonka. Abin da lauya ya shigar a kotu iƙirari ne har sai alƙali ya yi magana. In babba ya sa hannu a aikinka ka ce masa, ranka ya daɗe, a sa sunanka a kai.

A ƙarshen 2020 da 'yan adawar Nijar suka taso da cewa Bazoum, ɗan takarar shugaban ƙasa a lokacin, ba asalin ɗan ƙasar ba ne, ni aka bar wa labarin. Na jira har na samu abin da kotun tsarin mulkinsu ta ce, na kira wani abokin aiki a Damagaram ya karanta min da Faransanci ya fassara min, kuma duk kan da na sa akwai sunan mai maganar a jiki. Masu karatu daga Diffa da Maraɗi ba wanda ya kira ya yi ƙorafi, ogan ma bai ce komai ba.

Baba ya koma Gwoza tuni. Kafin ya tafi na zauna a bencin nan na karanta masa sashe na 25 da Hausa, layi layi, ya sa na maimaita masa wurin kakanni sau biyu. Ita kuwa kwirin tana nan a fayil ɗina, jiya da zan tafi na roƙi a cire ta, aka ce sai oga ya sa hannu.