Neman sunayen mazan ƙauyenmu da suka tafi yaƙi ba su dawo ba

Duk ranar 15 ga Janairu ana tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya. A Abuja shugaban ƙasa ya ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, gwamnoni ma su yi nasu a jihohi. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake yi kamar sauran ƙasashen renon Ingila, sai aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A ƙauyen da nake koyar da tarihi kuwa, ranar takan wuce ba wanda ya kula, masu noman rani suna fadama, sauran sun tafi cin rani. Alhali ƙauyen nan ya ba da 'ya'yansa tun zamanin Turawa, wasunsu kuma ba a sake ganinsu ba. Shi ya sa na ba ɗaliban ajin ƙarshe aiki: kowa ya tambayi tsofaffin gidansu ko akwai wanda ya tafi soja ya rasu a can, mu haɗa sunayen wuri guda. Aikin ya koya mini abubuwan da ban samu a jami'a ba.

Abu na farko da na gane shi ne takarda rabin labari take riƙe da shi, sauran rabin yana bakin mutanen gari, kuma ba a taɓa haɗa su ba. Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Za ka ga lambar soja, da rundunarsa, da ranar da ya rasu, da inda aka binne shi ko aka rubuta sunansa. A maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon na ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu. To amma ga inda gizo ke saƙa. Magatakardan da ya ɗauki mutanenmu soja sau da yawa sunan yanka kawai yake rubutawa, ya liƙa masa sunan babban gari ko na ƙabila. Sai ka tarar da Audu Kano, Garba Katsina, Musa Zariya, kowanne ba ɗaya ba ba biyu ba. Babu sunan uba, babu ƙauye. Mutumin da ya fito daga wani ƙauye mai tafiyar yini biyu daga birni, a takarda ya zama ɗan birni. A gida kuma ba a ma san shi da sunan yankan ba, da Ɗanlami ko Tanko ko Ɗan'azumi ake kiransa har ya tafi.

Mutanen gari suna da abin da takarda ta rasa. Sun san ubansa, sun san gonar da ya bari da wanda ya gaje ta, sun san wa matarsa ta aura daga baya. Abin da ba su da shi shi ne shekara da wuri. Za a ce maka “ya tafi yaƙin Hitila”, shi ke nan.

Nan ne sanin tarihin rundunonin ya yi mini rana, domin ƙananan abubuwan da tsofaffi ke faɗa a wuce su ne ke nuna inda mutum ya je. Wanda aka ce ya tafi Habasha, to farkon yaƙin duniya na biyu ne, 1940 zuwa 1941, lokacin da sojojin Najeriya suka fafata da Italiya suka bi ta Mogadishu har cikin Habasha. Wanda abokan tafiyarsa suka dawo suna ba da labarin doguwar tafiya a jirgin ruwa, da dajin da rana ba ta taɓa ƙasa, da abinci da jirgin sama ke jefowa, wannan Bama ce, kuma da Japan aka yi, ba da Jamus ba. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943, ita ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka. Runduna ta 82 ta biyo baya ta shiga yankin Arakan, su biyun suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Wasu bataliyoyi uku na Najeriya kuma an haɗa su da dakarun da ake kira Chindit, masu shiga can bayan abokan gaba. Ɗalibaina sun yi mamaki da na gaya musu cewa barikin Chindit na Zariya, da Dalet na Kaduna, da Arakan na Legas, duk daga wannan yaƙin sunayensu suka samo asali. Wasunsu suna da 'yan'uwa a waɗannan barikokin, ba su taɓa tambaya ba. Ashe an fi adana sunayen dazuzzukan da mutanenmu suka mutu a ciki fiye da sunayen mutanen.

Darasi na biyu, kuma shi ya fi tsaya mini a rai: mata ne ma'ajiyar wannan tarihi. Ɗaliban da suka nufi ƙofar fada ko majalisar dattawa sun dawo da labarin waɗanda suka komo, wane saje ne, wane yana da lambobin yabo, wane ya dawo da kuɗi ya sayi keke. Waɗanda suka shiga cikin gida wurin kakanninsu mata su suka dawo da sunayen matattu. Wata ɗaliba ta ce wa kakarta, “Iya, wai akwai wanda ya tafi soja a gidan nan?” Tsohuwar ta ce, “Ke 'yar nan, sunan wa kike tsammani aka sa wa babanki?” Haka abin yake. Yaron da aka haifa bayan rasuwar baffansa aka mayar masa da sunan, gida ya riƙa sakaya sunan da laƙabi saboda kunya, har aka kai ga mai sunan bai san wa ya gada ba. In kana neman soja da ya mutu a 1944, bi diddigin wanda aka haifa bayan yaƙi ana kiransa Baba ko Abba tun yana goye.

Su ne kuma suka tuna da wahalar da rashin gawa ke jawowa. Mutum in ya rasu a gida, an yi masa wanka, an sallace shi, an yi zaman makoki, matarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, an raba gado, magana ta ƙare. Wanda ya mutu a Bama fa? Wani saƙo ya iso ta hannun hakimi bayan watanni. Wani sai da abokan tafiya suka dawo a 1946 aka ji daga bakinsu. Wani kuwa shiru har yau. Mace tana zaune, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba, sai an kai magana gaban alƙali. Littattafan fiƙihun Malikiyya suna da babi guda a kan wanda ya ɓace, kuma a waɗancan shekarun ba karatu ba ne kawai, rayuwar mutane ce. Ban taɓa ganin wannan a littafin tarihin da muke koyarwa ba.

Akwai abin da ya sa ni taka tsantsan. Ba kowa ya tafi da son ransa ba. Turawa ta hannun sarakuna suke neman mutane, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya duba wanda zai bayar. Wasu sun shiga don albashi ko don gudun haraji ko don ƙuruciya, amma wasu tura su aka yi, kuma ba kasafai ake tura ɗan mai ƙarfi ba. Jikokin wanda ya tura da jikokin wanda aka tura suna aji ɗaya a gabana. Na zaɓi mu faɗi yadda tsarin yake, mu bar kama sunan wanda ya nuna wane, domin ba mu da hujjar da ta wuce “an ce”. Haka nan na hana ɗalibai ƙawata mutuwar. Da yawa ba harsashi ya kashe su ba, zazzaɓin cizon sauro ne da atuni. Wasu ma ba su riƙe bindiga ba, 'yan dako ne masu ɗaukar harsasai da abinci a ka suna hawan duwatsu. A ganina ɗan dakon da atuni ya kashe a Kaladan ya cancanci layinsa daidai da saje, ba sai an ƙirƙira masa jarumtaka ba.

Sai maganar gini. Wani abokin aikina ya kawo shawarar a kafa dutse a bakin kasuwa a sassaƙa sunayen, kamar yadda ake yi a ƙauyukan Ingila da Faransa, inda da wuya ka shiga ƙauye ba ka ga irin wannan ba tun bayan yaƙin 1914 zuwa 1918. Dattawa ba su so ba, kuma na fahimce su. Mu ba ma gina kabari, ba ma tsayuwa gaban dutse, mamaci addu'a da sadaka yake buƙata. Amma na ƙi yarda a fake da wannan a ce sunayen ma ba su da amfani, domin da irin wannan hujjar aka shafe mu tun farko. A 1923 gwamnan Gold Coast, wato Gana ta yau, Guggisberg, ya ce talakan ƙasar ba zai gane darajar dutsen kabari ba. A 2021 hukumar kaburburan da kanta ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su sam, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa a majalisa. Ƙin gina dutse zaɓinmu ne. Ƙin rubuta sunan mutum kuwa wani ne ya yanke mana. Ai ko addu'ar ma ta fi daɗi in ka san wa kake yi wa.

Abin da ban zata ba shi ne na baya-bayan nan sun fi wuyar samu a rubuce. Rumbun hukumar nan a yaƙe-yaƙen duniya biyu ya tsaya. Wanda ya mutu a yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, ko a Laberiya da Saliyo cikin shekarun 1990, ko a Borno da Yobe tun daga 2009, sai dai ka dogara da iyalinsa. Sa'ar da aka yi, iyalan suna raye, wasu suna da hoto, wasu suna da katin shaida a ƙasan akwati. Amma raunin sabo ne, ba a tura yaro ya je ya yi wa uwa tambaya kai tsaye. Irin waɗannan gidajen ni nake zuwa da kaina tare da liman, mu fara da ta'aziyya.

Yanzu muna da babban littafin rajista mai kwali a makaranta, da kwafinsa a wurin liman. Kowane mutum shafi guda: sunan yanka, sunan da ake kiransa a gida, sunan uba, unguwa, yaƙin da ya tafi, da wanda ya ba da labarin. Inda muka dace da lambar soja da ranar rasuwa muka tabbatar shi ne, mun rubuta da biro. Inda Audu Kano uku suka fito ba mu san wanne ne namu ba, mun rubuta duka ukun da fensir. Ajin da ke tafe zai fara da unguwar Fulani da ke bayan rafi, wadda ba mu kai gare ta ba bana.